Yadda Ake Ƙulla Labarin Ɓoyayyen Asali Don Matasanmu na Sudan

A ce yarinya ce 'yar shekara 16 a wata unguwar Hausawa a Gadarif, ana kiranta Gambo. Ita ce babba a ɗakinsu. Ba a taɓa haihuwar tagwaye a gidan ba, ba a kuma taɓa jin an binne su ba. Alhali duk Bahaushe ya san Gambo shi ne wanda ya biyo bayan Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina. To ina tagwayen suke? Wannan tambaya ɗaya ta isa ta ɗauki littafi mai babi 26, idan marubuci ya san yadda zai riƙe ta. Da wannan yarinya ta ƙage za mu yi ta misali har ƙarshe.

Yawancin masu fara irin wannan rubutu suna zuwa aro daga nesa: ɗan sarki ya yi shigar almajirai, an musanya jarirai a asibiti, ɗan leƙen asiri ya sa gemun roba. Matashin da ya tashi a Mai Wurno ko Kasala ko Madani ba ya buƙatar wannan aron. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kafin su da bayansu, maniyyata sun yi ta bin ƙasa ta Jinaina da Ubayyid zuwa Sawakin, wasu su yi shekaru a hanya suna neman guzuri. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da yawa suka tsaya aiki, tsayawar ta zama zama. Gida ɗaya sai ya rabu uku: kaka a Kano, uba a Gadarif, gwaggo a Makka. Aka bar 'ya'ya riƙo a hanya, aka canja sunaye a takarda, aka sha wahalar shaidu wajen neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sake warwatsa iyalai, takardu suka ƙone ko suka ɓata. A wurinmu ɓoyayyen asali shiru ne da gida guda ya haɗu ya yi, saboda ƙauna ko saboda tsoro. Aikin marubuci shi ne ya san wannan shirun ciki da bai, sa'an nan ya bar matashi ya huda shi a hankali.

Rubuta sirrin kafin babi na ɗaya

Kada ka rubuta ko layi ɗaya na labarin sai ka cika shafi guda da amsar abubuwan nan: me ya faru, yaushe, a ina, wa ya sani, me ya sa aka ɓoye, kuma wa zai rasa me idan ya fito. Wanda ya fara rubutu yana cewa zai gano sirrin a gaba, a babi na 15 zai tarar ya shuka alamun da ba sa haɗuwa, sai ya ƙirƙiro wata tsohuwa daga sama ta zo ta warware masa. Mai karatu yana gane wannan nan take.

Ga shafin Gambo. A 2006, a Bur Sudan, ƙanwar Inna (Inna ita ce wadda Gambo ta taso tana ɗauka uwarta) ta haifi 'ya mace bayan tagwayenta masu shekara 3. Mijinta ba shi da jinsiyya, suna shirin tsallaka teku zuwa Jidda. Jaririyar ba ta da ƙwarin da za a shiga jirgin ruwa da ita, sai aka bar wa Inna, wadda a lokacin ba ta taɓa haihuwa ba, da alkawarin shekara ɗaya. Uwar ta rasu a Makka. Uban ya zauna can ba igama, ba ya iya zuwa ya koma. Da lokacin makaranta ya yi, mijin Inna ya rubuta yarinyar da sunansa domin ta sami takarda. Duk azumi wani ɗan kasuwa yana kawo saƙon kuɗi, a ce daga "abokin Baba" ne.

Lura da dalilin ɓoyewar: abu ne da mutumin kirki zai iya aikatawa. Wannan shi ne ya fi kowane abu muhimmanci a shafin. Idan mugu ne ya sace yarinya, da zarar an gano shi labari ya ƙare, a kama shi a huta. Idan kuwa wanda ya yi ƙaryar shi ne wanda ya sayar da riɗinsa ya biya mata kuɗin makaranta, to gano gaskiya zai yi wa yarinyar ciwo, kuma mai karatu zai riƙa son ta gano yana kuma tsoron ta gano. Wannan ja-in-ja a zuciyar mai karatu shi ke hana shi ajiye waya.

A bayan shafin, ja jadawalin shekaru, da shekarar miladiyya da ta hijira gefe da gefe, ka sa shekarun kowa a kowane layi. Tsofaffinmu da azumi da salla da damina suke lissafi, shekarar hijira kuma tana gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11, don haka azumi yana yawo cikin yanayi. A 2006 ya kama a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ƙarshen damina ke nan, dab da yankan riɗi a Gadarif. Idan ka sa Inna ta ce "cikin azumi aka haife ki ana tsananin sanyi", ka kai haihuwar wajejen 1998 zuwa 2000, lokacin da azumi ke faɗowa a Disamba da Janairu. Ko dai kuskurenka ne, ko kuma ka yi shi da gangan ya zama ƙaryar da yarinyar za ta kama. A nan ne kuma za ka yanke shawara ko labarin kafin yaƙi ne ko bayansa. Labarin Gambo a 2022 yake. Idan ka kawo shi bayan Afrilun 2023, dole hanyoyi da makarantu da ofisoshi da layin waya duk su canja yadda suka canja a zahiri, ba za ka ambaci yaƙin a layi ɗaya ka wuce ba.

Su wa suka sani, me ya rufe musu baki

A unguwar Hausawa ba a kawo jaririya gida a ce mutum ɗaya ne ya sani. Akwai maƙwabciyar da ta san Inna ba ta yi ciki ba. Akwai limamin da bai raɗa wannan sunan ba, da wanzamin da bai yi wannan askin ba. Marubucin da ya manta da su ya gina labarinsa a kan yashi, domin mai karatu zai ce: ai da tuni wata ta goranta mata a wajen faɗan yara. Maganin wannan biyu ne. Ko dai iyalin sun ƙaura, daga Bur Sudan zuwa Gadarif, yarinyar tana goye, ko kuma unguwar ta sani ta yi shiru don rufin asiri. Na farko ya fi sauƙi. Na biyu ya fi daɗi, saboda ranar da Gambo ta gane kowa ya sani sai ita, wannan rana babi ce guda.

Masu riƙe da sirrin kada su wuce huɗu ko biyar. Kowanne ka ba shi kati: abin da ya sani, abin da yake zato amma ba daidai ba ne, da abin da ya hana shi magana. Baba tsoron hukuma, domin ya rubuta abin da ba gaskiya ba a takarda. Inna tsoron a karɓe mata 'ya. Kaka alkawari ta ɗauka wa mamaciya. Ɗan kasuwa mai kawo saƙo yana ɗan tsakurar kuɗin, don haka ba ya son ɓangarorin biyu su haɗu. Kada kowa ya san duka. Idan kowane ɗaya guntu yake riƙe da shi, dole yarinyar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tafiyar labarin ke nan.

Manyanmu kuma ba kasafai suke shirga ƙarya ƙiri-ƙiri ba, kauce wa magana suke yi. Yi amfani da wannan:

"Inna, wai ni don me ake ce mini Gambo?"

"Sunan wata gwaggon babanku ce kika ci. Miƙo mini maburgi."

"Wace gwaggon? Ban taɓa jin ta ba."

"Ke dai kin cika tambaya kamar baƙuwa. Wutar nan za ta mutu."

Ba a yi ihu ba, ba a yi kuka ba, amma mai karatu ya ji an rufe ƙofa. Kuma kalmar "baƙuwa" da ta suɓuce wa Inna za ta dawo masa a babi na 22.

Inda alamu suke

Nan ne ya kamata ka daɗe. Kowace alama tana buƙatar fuska biyu: ma'anar da za a ɗauka da farko, wadda ba ta da laifi, da ma'anar gaskiya da za a gane daga baya. Alamar da ba ta da fuskar farko tana tona asiri tun da wuri. Wadda ba ta da fuska ta biyu shara ce.

Sunayenmu na laƙabi taska ce da babu irinta. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Auta na ƙarshe, Azumi a watan azumi, Talatu da Jummai da Asabe da Ɗanladi kowa da ranarsa. Duk wanda laƙabinsa bai dace da matsayinsa a gida ba, akwai magana. Sai alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. A gidan su Gambo, Inna tana kiran "Gambo" da baki sake, amma ƙanenta da ke bi mata ba ta taɓa kama sunansa ba, sai "yaron nan" ko "kai wannan". Fuskar farko: ai sunan mahaifin Baba ya ci, shi ya sa take sakayawa. Fuska ta biyu: shi ne ɗan farinta. Wannan alama tana iya bayyana sau goma a gaban mai karatu yana tsallake ta, ranar da ya gane kuwa sai ya dafe kai. Irin wannan ake nema: abin da yake a fili tun shafin farko.

Sai takarda. A Sudan suna huɗu ake rubutawa, naka da na uba da na kaka da na kakan uba. Makaranta ta nemi raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, don rajistar jarabawar shahada ta gama sakandare, Baba ba ya nan, Gambo ta buɗe akwatinsa na ƙarfe ta ɗauko, sai ta ci karo da tsohon katin rigakafi daga Bur Sudan mai sunanta na yanka amma sunaye ukun da ke biye ba na gidansu ba ne. Fuskar farko: kuskuren ma'aikaci, abin da kowa ya saba gani. Ka san kuma wanda ba shi da takardar haihuwa, likita ke ƙiyasta shekarunsa a ba shi shahadar tasnin, a rubuta 1 ga Janairu. Wannan yana ba ka sawun ƙarya mai kyau, wato alamar da ke ɓatar da mai karatu. Ƙawarta Jummai ta lissafa ta ga 1 ga Janairun 2006 Lahadi ce, ta ɗaga hankalinsu cewa ita ma an ɓoye mata wani abu, daga baya su gane rabin ajinsu ranar aka rubuta musu. Mai karatu ya yi dariya, ya kuma koyi cewa ba kowace takarda ake gaskatawa ba.

Harshe ma yana tona mutum. Tsohon da ya ce shi mutumin Kano ne amma in ransa ya ɓaci sai ka ji "munka" da "sunka" da "ɗiyata", bakin Sakkwato ne ya fito. Saurayin da ya ce daga Kasala yake amma Larabcinsa na Makka ne, kunnen ɗan Sudan ba zai rasa shi ba. Sai dai kada ka rubuta karin harshen da ba ka iya ba. Nemi mai shi ya duba maka layukan. Tsagar fuska kuwa, ta Gobirawa ce ko ta Barebari ko shulukh irin na Shaigiyya mai layi uku a kwance, ka bar wa kakanni da tsofaffin hotuna. Matashin yau da wuya a same shi da ita.

Jini shi ne inda marubuta suka fi faɗawa rami. Hasken fata da tsawo da kama ba hujja ba ne, musamman ga Gambo da ke hannun yayar uwarta, dole ma ta yi kama da Inna. Abin da yake tabbatacce kaɗan ne. A bisa ƙa'ida, uwa da uba masu rukunin jini O ba sa haifar mai A ko B ko AB. Mai AB ba ya haifar mai O. Yaro mai sikila SS sai ya gaji S daga uwa da uba duka, don haka uba mai AA ba ya haifar SS. Amma uba mai A da uwa mai B suna iya haifar kowane rukuni cikin huɗun, kada ka gina tonon asiri a kan wannan. Ɗalibin sakandare ya karanta darasin gado a aji, zai kama ka.

Wajen shuka alama, ba mu da malami kamar Suratu Yusuf. Riga ta zo sau uku, kowane zuwa da aikinsa: da jinin ƙarya a hannun 'yan'uwa, a yage ta baya a gidan Aziz, sa'an nan a kan fuskar mahaifi ganinsa ya dawo. A aya ta 58 kuma 'yan'uwan suka shiga wurinsa, ya gane su, su ba su gane shi ba, mai sauraro yana gefensa ya san abin da ba su sani ba. Ɗauki darasin: babbar alama ta fito sau uku. Karo na farko a cikin hayaniya, a tsakiyar jerin abubuwa, misali cikin kayan akwati tsakanin rasit ɗin gona da tsohon tasbaha. Karo na biyu jarumar ta lura amma ta fassara ba daidai ba. Karo na uku ta gane. A littafi mai wannan girma, alamun gaskiya 6 zuwa 8 sun isa, sawun ƙarya 2 ko 3. Kowane sawun ƙarya dole ya sami bayaninsa kafin ƙarshe. Idan Kawu yana fita da dare mai karatu ya zarge shi, sai an faɗi inda yake zuwa, ko da wajen mai shayi ne yake biyan tsohon bashi a ɓoye.

Tagwaye kuma, tun da labarinmu na da su, a ambace su da wuri. Tun 1929 wani marubucin Ingila, Ronald Knox, ya sa a cikin ƙa'idojinsa goma na labarin bincike cewa kada tagwaye su ɓullo sai an riga an shirya mai karatu. Sunan Gambo ya yi mana wannan shirin tun layin farko.

Jan rai

Ɓoye wa mai karatu abu daban, ja masa rai daban. Idan yaro ya sa takalmi kunama ta harbe shi, mai karatu ya firgita na daƙiƙa ɗaya. Idan ka nuna kunamar ta shige takalmin tun da asuba, sa'an nan ka bar yaron yana alwala, yana shan shayi, yana neman hularsa, mai karatu zai yi shafi uku bai numfasa ba. Saboda haka wani lokaci ka bar mai karatu ya riga jaruma sani. Ya ga Inna ta ɗauke katin daga akwati ta cusa a cikin matashi, sa'an nan ya ga Gambo ta shigo za ta wanke rigunan matasai.

Sa wa labarin wa'adi, kuma wa'adin ya fito daga rayuwar wurin. Rajistar jarabawa za ta rufe nan da kwana 21. Ɗan kasuwa mai kawo saƙo zai koma Bur Sudan bayan salla. Kaka tana kwance, jikin yana ƙara tsanani. Damina ta kusa, kuma duk wanda ya san baƙar lakar ƙasar Gadarif ya san in ruwa ya sauka hanyar ƙauye ta rufe. Wa'adi ɗaya babba ya isa, da ƙarami ɗaya a tsakiya. A riƙa tuna wa mai karatu da shi duk bayan babi uku ko huɗu, ta bakin mutane.

Ƙarshen babi ba sai an suma ko an buga ƙofa ba. Wanda ya rufe babi goma a jere da "sai ta ji an dafa kafaɗarta" ya ƙona dabararsa. Sauya: wani babin ya ƙare da tambaya, wani da shawarar da ta yanke, wani da ƙaramar magana da ta juya ma'anar abin da ya gabata.

Sai matsalar da ake yawan tsallakewa: yaya 'yar shekara 16 za ta yi bincike? Ba za ta hau mota ita kaɗai daga Gadarif zuwa Sinnar ba tare da gida ya tashi ba. Ba ta hanyoyin da take da su a zahiri: aike, kai abinci gona, zaman biki inda mata ke sakin baki suna tuƙa asida, jinyar Kaka da dare, rakiyar gwaggo zuwa ta'aziyya a Mai Wurno. Ba ta abokin aiki ɗaya da ke shiga inda ba ta shiga, ƙanenta da ke zama wajen masu agashe, wato gasasshen nama, da yamma yana jin hirar maza. Waya ma ka yi mata hisabi, domin mai karatu zai ce me ya hana ta kira kawai. Wayar ta Inna ce, sai da dare take samu. Lambar Saudiyya tana ajiye da sunan mace. Saƙon murya ya shigo, muryar saurayi yana cewa "a gaida ƙanwarmu", kafin ta sake saurara an goge.

Awo da tsari

Ga matasa masu karatu a waya, kalma 35,000 zuwa 45,000 ta wadatar, a raba babi 24 zuwa 28, kowanne kalma 1,300 zuwa 1,700. Jaruma ta girmi masu karatunka da shekara ɗaya ko biyu, domin ɗan 14 yana son labarin 'yar 16, amma ɗan 17 ba ya son na 'yar 13. Kafin babi na 3 ya ƙare ta ga katin. Daga 4 zuwa 12 tana bin zaton farko, wanda ba daidai ba ne, misali tana zargin Baba yana da wata matar a ɓoye. A babi na 13 zaton ya rushe, abin ya juyo kanta: ashe ba sirrin Baba take tonowa ba, nata ne. Daga 14 zuwa 21 manya sun farga tana bincike, ƙofofi suna rufewa, wa'adi yana matsowa. Gaskiya ta fito a 22 ko 23. Ragowar na abin da ya biyo baya ne. Idan da bakin jaruma kake ba da labarin, ba ka da ikon ɓoye abin da ta sani. Abin da ba ta sani ba ne kaɗai za ka ɓoye.

Ita za ta gano, da kanta. Wasiƙar mamaci da ta bayyana komai, ko tsohuwa a bakin mutuwa ta zayyane tarihi shafi biyar, ƙwace wa jaruma aikinta ne. Bari ta haɗa suna da kati da alkunyar Inna da saƙon murya, ta je ta durƙusa gaban Inna ta ce: "Inna, ina tagwayen?" Abin da manya za su ƙara mata cikon gurbi ne kawai, kuma kada ya wuce shafi biyu.

Abin da ya biyo baya yana da hukunci a addini, masu karatunmu kuma sun san shi, don haka a yi shi daidai. Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Ɗan riƙo ba ya cin gadon mai riƙonsa, sai dai a yi masa kyauta ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Baba ba shi ne waliyyinta na asali ba muddin mahaifinta yana raye. Ƙanenta kuma ɗan yayar uwarta ne, ba muharraminta ba, sai idan Inna ta shayar da ita. A mazhabar Malikiyya ko kaɗan nonon ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko, haramci ya tabbata. Saboda haka tun a shafin sirri ka yanke: an shayar ko ba a shayar ba? Amsar tana canja yadda za ta zauna a gidan washegari, har da ko za ta yafa mayafi a gaban yaron da ta goya. Kai wa malami waɗannan babobi ya duba kafin ka saki.

Abu biyu muke roƙon a kiyaye. Kada sirrin ya zama cewa asalin yarinyar abin kunya ne, wata ƙabila ko wani gida da ake rainawa, har labarin ya tabbatar da rainin. Matasan da ake kira Fallata ko Takari da gatse a makaranta sun san zafin wannan, littafin da aka rubuta dominsu bai kamata ya ƙara musu ba. Na biyu, kada ka ɗauki sirrin wani gida na gaske ka canja suna kawai. A unguwanninmu kowa ya san kowa, kuma yaron da ake magana a kansa yana iya kasancewa cikin masu karatu.

Da yawa daga matasanmu da Larabci suka yi makaranta, suna jin Hausa sarai amma karatun boko yana yi musu nauyi. Yi jimloli gajeru, sa ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ a inda suke, ka bar kalmomin da bakinsu ya saba da su, raksha da kisra da jabana da angareb, yadda suke, ma'anarsu ta fito daga zancen don mai karatu na Kano ko Damagaram. Ka yi tunanin sakin kowane babi da murya a WhatsApp tare da rubutun. Babi mai kalma 1,500 yana cin minti 10 zuwa 12. Mai sauraro ba ya iya komawa baya ya duba, don haka alamar da ta dogara ga rubutu, kamar bambancin sunaye a kati, sai wani ya karanta ta da baki a cikin labarin.

Kafin ka saki, nemi matasa biyar da ba su san sirrin ba. Tsayar da su a ƙarshen babi na 8, na 16 da na 21, kowa ya rubuta maka a ɓoye abin da yake zato da dalilinsa. Idan huɗu sun gano tun a na 8, fuskar farko ta alamunka ta yi rauni: ƙarfafa bayanin gwaggon da aka ci sunanta, ka matsar da katin cikin tarkace. Idan har na 21 babu wanda ya ko kusa, ka yi rowa: ƙara fitowar alkunyar Inna sau biyu a gaban baƙi, inda wani zai yi tsokaci. Abin da ake so shi ne a na 16 ɗaya ya fara shinshinowa, a na 21 biyu ko uku su riga Gambo da shafi kaɗan. Tambaye su kuma babin da suka ajiye wayar suka tafi wani abu. Wannan babin ka koma ka duba, yawanci za ka tarar Gambo ba ta gano komai a cikinsa ba, ba ta kuma rasa komai ba, sai ka haɗe shi da na gabansa ko ka cire shi.